Sakkwato, Kano, Abuja ko Legas: ina ya fi dacewa ungozomar Kebbi ta koma?

Wata ƙanwata a aiki, wadda muka yi shekara huɗu muna raba dutin dare a ɗakin haihuwa a nan Birnin Kebbi, ta same ni gida bayan la'asar, ko farar rigarta ba ta cire ba. Ta ce, "Anti, na yanke shawarar tafiya, amma na rasa inda zan dosa." Wani asibitin kuɗi a Abuja ya kira ta, gwaggonta a Kano ta ce ga ɗaki, ƙawarta ta makaranta kuma kullum sai ta bugo daga Legas tana cewa can ne ake samu. Abin da na gaya mata ranar shi ne na faɗaɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke cikin wannan tsaka mai wuya ba.

Ba zan ɓoye ba, tafiyar kowace ungozoma daga Kebbi tana yi mini ciwo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 3 cikin 100 ne kawai na haihuwar jiharmu ke samun ƙwararren hannu, mu ne a ƙarshen jerin jihohi. Duk da haka ba na hana kowa. Wadda ta ƙudurta tafiya za ta tafi, gara ta tafi da ido buɗe.

Kafin a kai ga zaɓen gari

Lasisinki na Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya yana aiki a ko'ina a ƙasar nan, ba sai kin sake wata jarrabawa ba. Ana sabunta shi duk shekara uku, bayan kin halarci kwas ɗin ƙarin sani da majalisar ta wajabta. In ya kusa ƙarewa, ki sabunta shi tun kina gida. Idan gwamnati ce ta ɗauki nauyin karatunki kika sa hannu a yarjejeniyar yi mata aiki na wasu shekaru, ki kammala ko ki nemi a sallame ki a rubuce. Wadda kuma ta yi kwas ɗin ungozomar karkara ta sani an tsara shi ne don aiki a ƙananan asibitocin yankinta. Manyan asibitocin birni cikakkiyar shaidar ungozoma suke nema, sun fi ma son mai shaida biyu, ta jinya da ta ungozoma, ko mai digiri.

Ma'aunai biyar nake ɗora kowane gari a kai. Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi: wa zai biya ki albashi? Asibitin tarayya yana biya da CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya, matakinki ɗaya ne ko a Gwagwalada ta Abuja kike ko a Birnin Kebbi. Wannan magana ce da mutane ke mantawa. Ungozomar da ke Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan garin, in ta koma makamancinsa a Legas, albashinta bai ƙaru ba, kashe kuɗinta ne ya ƙaru. Asibitin jiha kowace da nata ƙarfin aljihun. Ko mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 ya nuna bambancin: tarayya naira 70,000, Kano 71,000, Kebbi 75,000, Legas 85,000. Ba albashin ungozoma ba ne wannan, amma yana nuna cewa tazarar jihohi a kan takarda ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Asibitin kuɗi kuwa ciniki ne tsakaninki da mai shi.

Na biyu, abin da ke saura a hannu bayan haya da kuɗin mota. Na uku, tazarar da ke tsakanin katifarki da ɗakin haihuwa, don naƙuda ba ta san dare ba. Na huɗu, abin da hannunki zai ƙara koya. Na biyar, hanyar gida, da wanda zai riƙe miki yara ranar dutin dare.

Sakkwato

Wasu ba sa ma lissafa ta, ni kuwa da ita nake farawa. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda can muke tura masu lalurar da ta fi ƙarfinmu, akwai na mata da yara na Maryam Abacha, ga na ƙwararru na jiha. Kilomita ɗari da hamsin ko kusa da haka ne daga Birnin Kebbi, ki bi ta Argungu ko ta Jega da Tambuwal. Haya ba ta yi wa tamu nisa ba, Hausarmu ɗaya, abincinmu ɗaya, zafin ma ɗaya. Ki gama dutin Juma'a ki kwana a ɗakin mahaifiyarki. Illarta, guraben kaɗan ne, manyan asibitocin kuɗi ba su da yawa, kuma rayuwarki ba za ta canja sosai ba. In canji kike nema, Sakkwato rabin tafiya ce.

Kano

A nan zan daɗe, don nan na fi sani, kuma nan nake ganin ya fi dacewa da yawancinmu.

Wajen koyon aiki, Kano makaranta ce. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na tarayya, ga Asibitin Murtala, ga na Muhammad Abdullahi Wase a Nasarawa, ga asibitin haihuwa na Sabo Bakin Zuwo. Ɗakin haihuwar Murtala yana cikin waɗanda suka fi cunkoso a ƙasar nan. Jijjiga, doguwar naƙuda, zubar jini, tagwaye, jaririn da ya zo da ƙafa, abin da kike gani jefi-jefi a wani wurin, a Kano za ki gan shi har hannunki ya daina rawa. Kuma ba yawan aiki kaɗai ba ne. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken nan da ake kira E-MOTIVE, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2023. Hikimarsa mai sauƙi ce: a shimfiɗa wa mai jego leda mai ma'auni don a auna jinin da ke zuba maimakon a yi kirdado da ido, da zarar ya kai iyaka kuma a haɗa matakan gaba ɗaya, a murza mahaifa, a ba da allurar da ke tsuke ta, a ba da mai tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. Wannan ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Duk wadda ta taɓa tsayawa da ƙarfe uku na dare tana kallon zanen mai jego yana jiƙewa, tana tambayar kanta ko wannan jinin ya yi yawa ko bai yi ba, ta san darajar wannan ledar. Zama kusa da masu irin wannan ilimi riba ce da ba a rubuta ta a takardar albashi.

Sai harshe. Rabin aikinmu magana ce. Yarinya mai cikin fari da kunya ta hana ta faɗin inda ke ciwo, uwar miji da ta tsaya kai da fata ba za a yi wa surukarta aiki ba, tsohuwar da ta riga ta ɗura wa mai naƙuda jiƙo tun a gida: duk da baki ake shawo kansu. A Kano wannan jarin naki yana nan daram. Za su gane daga ina kike da zarar kin ce "mi" ko "shina", su ɗan tsokane ki, shi ke nan.

Kuɗin zama da sauƙi in aka kwatanta da Abuja da Legas. Haya ta fi ta unguwannin Badariya ko Gesse na nan Birnin Kebbi, amma ana samun wurin da albashin ungozoma zai ɗauka a unguwannin da ba su yi wa asibiti nisa ba, abinci kuma da araha. A Daidaita Sahu na kai ki ko'ina da rana. Ki dai tuna an hana acaɓa a birnin tun 2013, a 2022 kuma aka kafa dokar hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda haka wadda ke sauka duti da dare ta tanadi mai ɗaukar ta.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kano na yaye nata ungozomomin da yawa, aikin jiha kuma ɗan jiha ake fara dubawa. Baƙuwa takan ƙare a kwantiragi, wanda ba shi da tabbas irin na dindindin. Ƙananan asibitocin kuɗi suna biyan abin da bai taka kara ya karya ba. Aikin kansa yana cin jiki: mata da yawa, hannu kaɗan. Babbar matsalar kuwa hanya ce. Daga Birnin Kebbi sai kin bi Sakkwato, Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa. Yini guda ne cur, kuma kowa ya san halin da wani yanki na hanyar nan ke ciki. Ba a bin ta da dare, ba a bin ta da gaggawa. In aka bugo miki cewa Baba ba lafiya da magariba, sai gari ya waye.

Abuja

Abuja ita ta fi ruɗar mutane. Asibitocinta na gaske ne: Babban Asibitin Ƙasa, na koyarwa da ke Gwagwalada, cibiyar lafiya ta tarayya a Jabi, da na hukumar birnin a Asokoro, Maitama, Wuse, Kubwa da Nyanya. Akwai kayan aiki da ba mu saba riƙewa ba, na'urar bibiyar bugun zuciyar jariri lokacin naƙuda, ɗakin bakwaini mai kwalabe, wurin ajiyar jini a kusa. Hedikwatar majalisarmu na can, ma'aikatar lafiya na can, ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar ungozoma aikin horarwa su ma ofisoshinsu na can. Mai son hawa sama a muƙami tana da tsani.

Sai a zo kan haya. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, a ɗora na dillali, na takardar yarjejeniya, da na ajiya saboda ɓarna. Ɗaki ɗaya mai bayi a Kubwa ko Lugbe yana iya cinye abin da zai kama miki gida sukutum a Birnin Kebbi. Cikin gari kuwa ba a maganarsa. Shi ya sa ma'aikatan jinya suka cika Mararraba, Masaka, Suleja da Zuba. Na taɓa kwana biyu wajen wata abokiyar karatuna a Mararraba. Ƙarfe huɗu da rabi take tashi, ta yi wa yara abin kari da fitilar waya, ta yi sallar asuba tana kallon agogo, ta fita da farar rigarta a cikin leda don kada ta yi datti a mota. In ta makara da minti ashirin, cunkoson Nyanya ya riƙe ta awa biyu. Da dare na ga ta zauna bakin gado tana ƙirga canjin da ya rage, tana ware na motar gobe kafin na cefane. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Ga kuma 'yan fashin da ke yawo da mota kamar ta haya, waɗanda ake kira wan cans. Sun fi farautar mai fita da duhu, mu kuwa da duhu muke fita, da duhu muke dawowa.

Asibitocin kuɗi na Abuja iri biyu ne. Manya suna biya da kyau, suna da tsari, amma suna tsefe mai neman aiki: Turanci mai kyau, iya shigar da bayanan mara lafiya a kwamfuta, haƙuri da masu kuɗi. Ƙananan na bayan gari kuwa a nan haɗarin yake. Wani wurin ke kaɗai ce mai lasisi, sauran 'yan koyo ne da aka sa wa farar riga. Lasisinki ne rufin asirin asibitin, ranar da aka yi asarar rai kuma sunanki ne a takarda. Kafin ki amsa, ki nemi ganin rajistar asibitin, ki tambayi wa ke yin tiyata da dare, a ina ake samun jini, kuma ko suna zuba miki kuɗin fansho kamar yadda dokar 2014 ta ce, kashi 8 daga albashinki, kashi 10 daga mai aiki.

Hausa na yi miki amfani a Gwagwalada, Kubwa da Nyanya, har a riƙa kiran ki tafinta. Hanyar gida ta Suleja, Minna, Tegina, Kwantagora, Yawuri, Koko da Jega doguwa ce, ita ma da wuraren fargaba. Akwai filin jirgi a Ambursa, amma tikiti ba na kowane wata ba ne.

Legas

Legas ba ta wasa. Akwai asibitin koyarwa na tarayya a Idi-Araba, na jiha a Ikeja mai sashen haihuwa na Ayinke, tsohon asibitin haihuwa na Tsibirin Legas, cibiyar tarayya a Ebute Metta, ga manyan asibitocin kuɗi da suka fi na ko'ina yawa. Gurabe na buɗewa saboda masu fita waje; a farkon 2024 magatakardan majalisarmu ya ce ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Jihar na ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida a haihuwa biyun farko. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon mai haya, sai dai kuɗin shekara ɗayan ma dutse ne.

Ba za ki rasa 'yan'uwa ba: Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende, duk akwai Hausawa da masallatai da tuwo. Amma a ɗakin haihuwa Yarabanci da Turancin kasuwa ke aiki. Ungozomar da ba ta iya ce wa mai naƙuda "yunƙura" ko "dakata" da harshen da za ta ji ba, an ɗaure mata hannu ɗaya, kuma sai ta yi watanni kafin ta kwance shi. An hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Mushin da wasu ƙananan hukumomi tun 2022. Akwai manyan motocin BRT da jirgin ƙasa da ke bi ta Agege, amma cunkoso na nan. Gida kuwa ya yi nisa: Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora, sai an kwana a hanya. Sallah zuwa Sallah za ki riƙa ganin naki.

Wadda ke hangen Ingila ko Saudiyya, Legas da Abuja sun fi sauƙin jarrabawar Turanci da shirya takardu. Ta san dai cewa a 2024 majalisarmu ta jinya da ungozoma ta fito da sharaɗin shekara biyu na aiki kafin ta tantance wa mutum takardun fita, abin da ya jawo zanga-zanga a biranen biyu.

| Ma'auni | Sakkwato | Kano | Abuja | Legas |
|---|---|---|---|---|
| Haya da mota | Sauƙi | Matsakaici | Tsada ƙwarai | Tsada ƙwarai |
| Samun gurbi | Kaɗan | Gasa da 'yan jiha | Tarayya da wuya, na kuɗi da yawa | Ya fi yawa |
| Ɗorewar aiki | Mai kyau in na gwamnati ne | Mai kyau a tarayya, kwantiragi ba tabbas | Mai kyau a gwamnati, na kuɗi sai an bincika | Haka nan |
| Koyon aiki | Daidai gwargwado | Hannu na gogewa sosai | Kayan zamani | Kayan zamani da ƙwarewa iri-iri |
| Harshe | Namu | Namu | Turanci da Hausa | Yarabanci da Turanci |
| Babban haɗari | Rashin canji | Gajiya, hanyar Gusau | Fita da duhu, bashin haya | Kaɗaici, cunkoso |
| Zuwa gida | Awa biyu zuwa uku | Yini guda | Yini guda | Kwana a hanya |

Abu biyu da teburi ba zai nuna ba

Na farko, kada ki saki reshe ki kama ganye. In kina aikin gwamnati, kada ki ajiye shi saboda alkawarin baki. Ki riƙe takardar ɗaukar aiki a hannu tukuna, sannan ki nemi a mayar da shekarun aikinki sabon wurin don kada su bi ruwa. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki gurbi a asibitin tarayya, ki riƙe jakarki. Ko bayan an ɗauke ki, albashin farko yakan yi jinkiri, saboda haka ki tafi da guzurin wata uku aƙalla. Aikin tarayyar ma ba aljanna ba ce: a ƙarshen Yulin 2025 ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya sun shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus ɗin duti da na rigar aiki da ƙarancin ma'aikata.

Na biyu, yara. A nan gida, ranar dutin dare sai ki miƙa goyonki ga Inna ko maƙwabciya ki wuce. A Abuja da Legas wannan hidimar kuɗi ce, wani lokacin ma ba mai yi. Ki zauna da maigida ku warware wannan kafin a ɗaure kaya, ba bayan an sauke su ba.

Wa ya dace da ina

Mai ƙananan yara ko tsofaffin iyaye da ke buƙatar ganinta, wadda asibitin koyarwa kawai take marmari, ta nemi Sakkwato, ko ma ta fara gwada na tarayya da ke nan Birnin Kebbi. Budurwa ko sabuwar ungozoma mai son hannunta ya faɗa, musamman in tana da dangin da za su sauke ta, Kano. Wadda ta riƙe takardar aikin tarayya ko ta hukumar birnin, kuma ta samu masauki kusa da asibitin, ko mijinta na aiki a can, Abuja ta karɓe ta. In ƙaramin asibitin kuɗi ne kaɗai ya kira ta, ban ba ta shawara ba. Mai shaida biyu ko digiri, mai Turanci a baki, wadda ta shirya koyon Yarabanci kuma idonta na kan babban asibitin kuɗi ko ƙetare, Legas.

Ita ƙanwar tawa na ce ta bugo wa asibitin Abujan ta tambaye su wa ke yin tiyata da dare, sannan ta je Kano ta kwana uku wajen gwaggonta, ta fita da asuba ta auna minti nawa ne daga ƙofar gidan zuwa ƙofar ɗakin haihuwa.